Yadda Ake Zaɓen Ƙaramin Jirgin Ruwa Idan Jiki Ba Ya Jure Hayaƙin Dizal

Akwai mutanen da warin dizal bai dame su ba ko kaɗan, akwai kuma waɗanda da ya bugi hancinsu sai kai ya fara sarawa, ido ya yi yaji, ƙirji ya ɗaure, zuciya ta tashi. A tudu mutum yana iya kaucewa ya sha iska. A tsakiyar ruwa babu wurin kaucewa, ga kuma tangaɗin jirgi da ke ƙara wa tashin zuciya ƙarfi. Saboda haka wanda jikinsa yake irin na biyun, ko yake da mai irin wannan jiki a cikin iyalinsa, kamata ya yi ya sa maganar hayaƙi a gaban maganar kyau da gudu da girman ɗaki tun kafin ya fara zagayen duba jirage.

Da yawa suna ganin maganar a taƙaice take: a guji dizal a sayi mai fetur. Ba ta ƙare a nan ba. Abin da zai shiga huhunka ya rataya ne a kan abu uku: irin injin, inda hayaƙinsa ke fita, da yadda iska ke kewaya jikin jirgin.

Mataki na ɗaya: gano ainihin abin da ke damunka

Abin da ake kira "warin dizal" a jirgi abu biyu ne mabambanta. Na farko hayaƙin da ke fita daga salansa bayan man ya ƙone. Na biyu warin ɗanyen mai, wanda ya ɗiga daga tiyo ko tanki ya kwanta a ƙasan jirgi, ya shige katako da katifa da labule. Na farkon sai inji yana aiki ake jin sa. Na biyun yana nan dare da rana, har kayan da ka ajiye a ɗaki su ɗauka. Maganinsu ba ɗaya ba ne, don haka ka gwada kanka: tsaya kusa da wurin da ake zuba dizal ba tare da inji yana aiki ba, wata rana kuma ka tsaya nesa kaɗan da injin da aka kunna. Wanne ya fi taɓa ka, kuma bayan minti nawa?

Hayaƙin kansa haɗin gambiza ne. Akwai ƙananan ƙwayoyin kunkunniya waɗanda ƙanƙantarsu ta sa suke wucewa har can cikin huhu, akwai iskar naitirojin oksaid mai fusata hanyoyin numfashi, akwai sinadaran aldihaid irin su fomaldihaid masu sa yajin ido da maƙogwaro, sai ragowar man da bai gama ƙonewa ba. A shekarar 2012 cibiyar binciken cutar kansa (ciwon daji) ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin injin dizal a rukuni na ɗaya, wato cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar kansa, musamman ta huhu. Hujjar ta fi fitowa ne daga ma'aikatan da suka yi shekaru suna shaƙa, irin masu haƙar ma'adinai, ba daga mai fita shan iska a ƙarshen mako ba. Abin da ya fi kusa da mai jirgin shaƙatawa shi ne wani bincike da aka wallafa a 2007: an sa masu asma 60 su yi tafiyar awa biyu a titin Oxford na Landan, inda motocin dizal suka yi yawa, sannan su yi irinta a lambun Hyde Park. Bayan tafiyar titin an ga aikin huhunsu ya ragu, kuma waɗanda asmarsu ta fi tsanani su suka fi jin jiki.

Idan kana da asma, ciwon zuciya ko ciwon ɓarin kai, ga likita tukuna ka faɗa masa abin da kake shirin yi. Wanda wari kawai ke tayar masa da zuciya yana iya lallaɓawa da dizal mai lafiya. Wanda ƙirjinsa ke toshewa ba shi da wannan sararin.

Mataki na biyu: faɗa wa kanka gaskiya game da tafiyar

Tafki ne mai kwanciya, kogi mai ƙarfin gudu, ko bakin teku? Awa uku za ka yi ka dawo, ko kwana za ka riƙa yi? Mutum nawa? Galibin masu ƙananan jirage ba sa yin nisa da inda suka tashi, amma wajen saye sai su sayi jirgin doguwar tafiyar da suke mafarki. Ga mai gudun hayaƙi wannan kuskure ne mai tsada, domin doguwar tafiya da kwana a ruwa su ne ke tura mutum ga dizal, da janareta, da na'urar ɗumama ɗaki mai ƙona mai.

Mataki na uku: zaɓi abin da zai tura jirgin

Kwale-kwalen da ake tuƙawa da filafili ba ya buƙatar bayani. Ƙaramin jirgi mai tafiya da ƙyallen iska shi ma kusan haka yake, inji na fita da shiga matsaya ne kawai, minti goma ko sha biyar. Sai dai da zarar irin wannan jirgi ya girma ya kai mita takwas ko tara, yawanci za ka tarar da injin dizal a ƙarƙashin matakalar ɗakin kwana, daidai inda ba ka so.

Injin lantarki shi ne amsar da ta fi tsabta, in dai tafiyarka ta yarda. Kamfanoni irin su Torqeedo da ePropulsion suna yin na ratayawa a bayan jirgi. Ɗauki Spirit 1.0 Plus na ePropulsion: ƙarfinsa kilowat ɗaya, wanda ake kwatantawa da injin fetur mai ƙarfin doki uku, batirinsa kuma yana ɗaukar awa-wat 1,276, wato kusan awa-kilowat 1.3. A cikakken gudu awa ɗaya da kwata ke nan ya ƙare. Amma ruwa yana da wata ɗabi'a: ƙarin gudu kaɗan yana cin ƙarfi mai yawa, rage gudu kaɗan kuma yana ceton mai yawa, don haka a tafiyar hankali batirin zai kai ka awanni. Iyakarsa a fili take. Litar dizal ɗaya tana ɗauke da kusan awa-kilowat 10, ko da kashi ɗaya cikin uku ne kawai ya isa farfela, ya fi irin wannan batir biyu. A tafki babu damuwa. A kogin da za ka dawo kana fuskantar gudun ruwa da iska, sai ka bar aƙalla sulusin caji don dawowa da abin da ba a zata ba.

Injin fetur na ratayawa, mai bugu huɗu, shi ne abin da ya fi dacewa da yawancin mutane. Yana wajen jirgi gaba ɗaya, ba ya ƙona baƙin mai tare da fetur, kuma mafi yawan hayaƙinsa yana fita ta tsakiyar farfela a ƙarƙashin ruwa. Akwai dai wata 'yar kafa a saman ruwa da hayaƙi ke bi idan inji yana aiki jirgi na tsaye, to a lokacin ne za ka fi jin sa. Tsohon inji mai bugu biyu mai kafireta kuwa, wanda ake gauraya masa baƙin mai da fetur, ka bar shi ko da kyauta ne. Yana zubar da kaso mai yawa na mansa bai ƙone ba, yana barin shuɗin hayaƙi kwance a kan ruwa. Saboda wannan ne aka hana irinsa a tafkin Tahoe na Amurka tun 1999. Akwai kuma ƙananan injuna masu aiki da iskar gas ta tukunya, kamfanonin Tohatsu da Mercury suna yin masu ƙarfin doki biyar. Warinsu kaɗan ne, babu fetur da zai zube a hannu, amma gas ɗin ya fi iska nauyi, dole tukunyar ta zauna a sarari inda abin da ya tsiyaye zai fice waje.

A nan ne ya kamata a yi taka-tsantsan, kada a yi gudun gara a tarar da zago. Injin fetur yana fitar da iskar kabon monoksaid fiye da na dizal nesa ba kusa ba, ita kuwa ba ta da wari, ba ta da launi. Tana kama jini fiye da yadda iskar oksijin ke kamawa sau sama da 200. Alamominta ciwon kai, jiri, kasala da tashin zuciya, wato daidai abin da kowa zai ce tangaɗin ruwa ne. Hayaƙin dizal aƙalla yana sanar da kai zuwansa. Hancinka mai saurin ji, wanda kake taƙama da shi, ba zai yi maka komai a kan wannan iska ba. Shi ya sa ban ga hikimar sayen jirgi mai injin fetur a ciki, da ɗakin kwana, don kawai a tsere wa warin dizal ba. Ga kuma haɗarin gobara: dizal sai ya yi zafin sama da digiri 55 kafin tururinsa ya kama wuta, fetur kuwa ko a digiri 40 ƙasa da sifili yana fitar da tururin da zai kama, kuma tururin yana gangarawa ya taru a ƙasan jirgi. Dalilin ke nan da ake kunna fankar zuƙe iska na minti huɗu kafin a tayar da irin wannan inji.

Mataki na huɗu: dubi siffar jirgin kamar kai ne iskar

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma sau da yawa shi ke raba jirgin da za ka ji daɗinsa da wanda za ka sayar bayan wata shida. Idan jirgi yana tafiya, iska tana rabuwa a jikin ɗaki ko gilashin gaba, sai a bayansu a sami wani gurbi inda take juyawa tana dawowa. Irin abin da ke faruwa da motar da aka bar ƙofar bayanta a buɗe, ƙura da hayaƙi su riƙa shigowa maimakon su tsaya a baya. Hayaƙin da ya fita ta bayan jirgi haka yake hawowa ya zauna a wurin zama, in ƙofar ɗaki a buɗe take ya shige ciki.

Abubuwan da ke ƙara wannan: dogon ɗaki mai miƙaƙƙen bango a baya, rumfar tamfol da aka rufe gaba da gefe aka bar baya, tafiya a hankali goshin jirgi a ɗage, da lodi mai yawa a baya. Mafi muni shi ne iska ta biyo ka daga baya da gudu daidai da naka, sai ka zama kana tafiya a cikin hayaƙinka. Buɗaɗɗen jirgi marar ɗaki, wanda matuƙi ke tsaye a tsakiya ko gaba, shi ya fi sauƙi. Idan dole sai da ɗaki, nemi mai taga ko murfi da ke buɗewa ta gaba, domin iskar da ta shiga ta gaba ta fita ta baya ita ke karya wancan gurbin. Buɗe baya kaɗai ya fi rufewa duka muni.

Sai ka auna da ido: mita nawa ne tsakanin bakin salansa da wurin da za ka zauna? A ƙananan jirage masu ƙyallen iska matuƙi yakan zauna kusan a kan bakinta. Duba ko akwai kafar shan iska ta ɗaki ko taga kusa da ita. Dandamalin iyo da ke bayan jirgi shi ma tarko ne, hayaƙi yana taruwa a ƙarƙashinsa, kuma an yi asarar rayuka, har da na yara, a irin wurin yayin da inji ko janareta ke aiki.

Mataki na biyar: idan dizal ɗin ne dai

Wani lokaci jirgin da ya dace da tafiyarka dizal ne da shi, ba makawa. To ba duk dizal ne ɗaya ba. Sabon inji mai feshin mai da kwamfuta ke sarrafawa, wanda aka ƙera bisa ƙa'idar taƙaita hayaƙi ta Amurka mai suna Tier 3 ko dokar jiragen shaƙatawa ta Tarayyar Turai ta 2013, ya sha bamban da wanda ya shekara talatin yana aiki. Amma kada a yaudare ka: yawancin ƙananan injunan ruwa ba su da matacin kunkunniya irin na motocin zamani. Raguwa aka samu, hayaƙin bai ɓace ba.

Ka nemi a bar maka injin da sanyinsa. Taɓa shi da hannu kafin a kunna, in ka ji ɗumi to an riga an tayar da shi kafin ka iso, ka sake sa wata rana. Farkon tashi ne ke tona asiri. Ɗan hayaƙi na daƙiƙu kaɗan ba komai ba ne. Baƙin hayaƙi mai ɗorewa yana nuna man ba ya ƙonewa sosai: nozul sun lalace, matacin iska ya toshe, farfela ta fi ƙarfin inji, ko ƙasan jirgi ya cika da gansakuka. Shuɗi yana nuna inji yana shan baƙin mai, galibi ringi ne suka cinye. Fari mai yajin ido ɗanyen dizal ne da bai kama ba, fari mai saurin bajewa kuma tururi ne, alamar ruwan sanyaya inji ya yi ƙaranci. Baƙin tabo a bayan jirgi kewaye da bakin salansa shi ma shaida ne, sai dai in an wanke.

Daga nan bi hanyar hayaƙin da tocila tun daga inji har waje. A yawancin ƙananan jirage ana zuba ruwa cikin hayaƙin a wani lanƙwasasshen bututun ƙarfe, su gauraya su bi tiyon roba su fita tare. Wannan gwiwar ƙarfe tana cin tsatsa daga ciki, kuma ita ce ta fi yawan hujewa. Nemi zanen tsatsa, farin gishiri, baƙin tabo a mahaɗa, tiyon da ya tsage ko ya yi laushi, da kilif da ya saki. Huji ɗaya a nan yana zuba hayaƙi kai tsaye cikin jirgi.

Warin ɗanyen mai kuwa, ga yadda ake kama shi. Je da safe, ka roƙi a bar jirgin a rufe tun daren jiya, kai ne za ka fara buɗewa. Idan ka tarar an buɗe ko'ina ana ta fesa turare, ka riga ka sami amsa. Shafa farar takarda mai tsotsewa a ƙarƙashin matacin mai, famfo, mahaɗun tiyo da gindin tanki. Leƙa ruwan da ke kwance a ƙasan jirgi ko akwai maiƙo mai launi a kansa. Shinshina katifa da cikin durowa. Tiyo da katifa ana canzawa. Katakon da ya sha dizal shekara da shekaru kuwa ba ya sakin warin, wankewa sai dai ta rage na ɗan lokaci. Irin wannan jirgi, komai sauƙin kuɗinsa, ba naka ba ne.

Man da ake zubawa ma yana da tasiri. Dizal mai ƙarancin sulfa, wanda iyakarsa kashi 10 cikin miliyan a Turai da 15 a Amurka, ya fi tsohon sauƙin wari. Akwai kuma man HVO da ake sarrafawa daga man tsirrai da kitse, wanda warinsa da kunkunniyarsa suka fi ƙanƙanta, kuma kamfanoni irin su Volvo Penta sun amince da shi a injunansu. Kafin ka dogara da shi ka tabbatar injinka yana cikin waɗanda aka amince, kuma ana samun sa a inda za ka ajiye jirgin.

Mataki na shida: gwaji a kan ruwa

Mai sayarwa zai so ya kai ka da gudu yana fuskantar iska, inda kowane jirgi yake da daɗi. Kai kuma akasin haka kake nema. Wanda hayaƙi ke damu, shi da kansa zai hau, ba wakili ba, da maganinsa a aljihu in mai asma ne. A bar inji yana aiki a matsaya na minti goma, ka zauna inda za ka riƙa zama. A fita a tafi a hankali iska tana bayanku na aƙalla kwata na awa. A ja da baya. A ɗaga rumfa a rufe gefe, a sake gwadawa, sannan a buɗe tagar gaba ka ji bambanci. Shiga ɗaki ka rufe ƙofa inji yana aiki. In akwai janareta ko na'urar ɗumama ɗaki, a kunna su su ma, domin na'urar ɗumi ta yawancin jirage dizal take ƙonawa ko da babban injin ba na dizal ba ne. Riƙe ƙaramar na'urar auna kabon monoksaid mai nuna lamba a duk tsawon gwajin.

Kada ka yanke hukunci a ranar. Ciwon kai da toshewar ƙirji sukan zo bayan awanni. In da hali ka yi hayar irin jirgin na yini guda kafin saye, kuma ka sa a rubuta cikin yarjejeniya cewa cinikin ya rataya a kan gwajin ruwa da duban ƙwararren mai binciken jirage, wanda za ka gaya masa tun farko cewa hanyar hayaƙi da ta mai su ne kan gaba.

Mataki na bakwai: bayan ka saya

Sanya na'urar ƙararrawar kabon monoksaid a duk wurin da ke da rufi, ko da injinka dizal ne ko lantarki, domin hayaƙin jirgin maƙwabci ma yana shigowa ta taga. Nemi wadda aka yi don jirgi, mai lambar EN 50291-2 ko makamanciyarta, ka kuma duba ranar ƙarewar aikinta, don na'urar jin da ke cikinta tana mutuwa bayan wasu shekaru. A Birtaniya tun Afrilun 2019 aka wajabta ta a jiragen koguna da magudanai masu wurin kwana.

Wurin ajiye jirgi yana iya rusa duk ƙoƙarin da ka yi. Nemi gurbi nesa da famfon sayar da mai da manyan jiragen haya, a ɓangaren da iska ta saba fitowa. Kada ka bar inji yana ta aiki a tsaye da sunan ɗumamawa, dizal ya fi ƙonewa da tsabta idan yana jan kaya, dogon zama ba aiki kuma yana tara masa kunkunniya. Idan iska ta biyo bayanka, karkata hanya kaɗan ta koma gefe, ko ka ƙara gudu. Takunkumin N95 yana tare ƙwayoyin kunkunniya amma ba ya tare iskar gas, mai gawayi a ciki yana rage wari, kuma babu ɗayansu da ke tare kabon monoksaid.

In ƙararrawa ta yi kuka, ko wani a jirgin ya fara ciwon kai da jiri inji yana aiki, kada a tsaya gardamar ko tangaɗi ne. A fito da kowa sarari, a buɗe ko'ina, a juya goshin jirgi ya fuskanci iska, a kashe inji idan wurin ya ba da dama, a nemi taimakon likita. Ba a sake kunna injin don yawo sai makaniki ya gano inda hayaƙin ya biyo.